Yajina da Baƙar Giyar Madam

Ban taɓa kai giya bakina ba, kuma in Allah ya yarda haka zan koma gare Shi. Amma akwai wata baƙar giya da na yi wa sanin da ko masu shanta ba su yi mata ba. Na san ƙamshinta, na san inda ɗan zaƙinta yake ƙarewa, na san inda ɗacinta yake zama a maƙogwaro ya ƙi tashi. Da harshen aro na san ta, harshen maƙwabciyata.

Maigidana mahauci ne, ɗan mahauta. Kakansa ma da wuƙa a ƙugu ya sauko Garuwa daga ƙasar Kano. Da asuba yana mayanka, da hantsi yana barci, da la'asar kuma sai ya ɗaure tire a bayan babur ya tafi ya hura tukubarsa a gindin wani dogonyaro, a ƙofar wata mashaya da ke wajen ofisoshin gwamnati. Tsire yake gasawa, abin da 'yan kudu suke ce wa soya. Tun yana saurayi yake wurin, tun mai mashayar, wata 'yar kudu da kowa ke kira Madam, ba ta da komai sai 'yan tebura da rediyo mai tari. Dattawan unguwarmu sukan yi masa magana jefi-jefi, shi kuwa amsarsa ba ta canzawa: nama yake sayarwa, yankan Musulunci, abin da mutum ya kora shi da shi kuwa tsakaninsa ne da Mahaliccinsa. Ban ce amsar ta gamsar da kowa ba. Ni dai na san da tukubar nan muke ci, da ita muke sutura, da ita yara suke zuwa lekol, wato makarantar boko.

Yaji kuwa nawa ne. Ban taɓa taka ƙofar mashayar ba, amma duk wanda ya ci tsiren maigidana ya ci hannuna. Daga wurin mahaifiyata na koya: ƙuli-ƙuli, barkono, citta, masoro, kanunfari, gishiri, sai kimba. Kimbar ita ce sirrin gidanmu. Wasu matan sukan jefa ta kaɗan don ƙamshi, mu kuwa mukan zuba ta da hannu sake, har ɗan ɗacinta ya fito ya tsaya bayan zafin barkono. In ina dakan yaji duk layinmu sai an yi atishawa, kuma ba na ba kowa haƙuri. Ina ji da yajina, ba na ɓoyewa.

Sai aka shiga shekarun nan da ake ce wa lakiris, lokacin da aka zaftare albashin ma'aikata, kowa ya ɗaure ciki. Manyan mutanen da a da suke jera kwalabe a kan tebur suka koma riƙe kwalba ɗaya suna lallashinta. A daidai lokacin ne Madam ta fara kawo wata baƙar giya. Maigida ya ce ita ce ta zama amaryar wurin, domin tana da ɗaci da nauyi, ba a iya kwankwaɗarta. Kwalba ɗaya takan raka mutum tun daga tashi aiki har ya gama zagin shugaban ofishinsa ya tafi gida.

Ni da farko ko oho. Baƙa suke sha ko ja, me ya shafe ni? Sai tiren maigida ya fara dawowa da ragowar tsire. Yara suka yi murna, ana karya kumallo da nama kamar gidan gwamna. Ba a jima ba suka fara ture kwanon suna tambayar ko babu koko. Ranar da na ga haka na san lallai akwai magana.

Na tsare maigida da tambaya, sai ya fito da ita. Wai mutane suna cewa tsiren ya koma ƙuna da ɗaci. Wai akwai wani tsohon sufeton makarantu da ya shekara da shekaru yana cin naman nan, ya ci tsinke ɗaya, ya kora da baƙar giyarsa, ya yamutsa fuska, ya ce ko uwar gida ta canza hannu ne.

Ni! In canza hannu! Na ce a gaya masa haƙoransa ne suka canza.

Fushina bai hana komai ba. Wata rana maigida ya dawo jiki a sanyaye, ya ce Madam ta kira shi gefe. Ta ce ba ta manta zaman da suka yi ba, amma masu shaye-shayenta suna ta neman gasasshen kifi, kuma ga wata mata tana roƙon wurin. Gindin dogonyaron nan wuta ɗaya yake ɗauka, in aka hura biyu hayaƙi zai kori mutane. Don haka in wata ya ƙare aka biya albashi, za ta bar su su hura wuta tare rana ɗaya tak. Wanda mutane suka bi, wurin nasa ne.

Mutumin da ya fara furfura a gindin bishiya ɗaya, ina zai ɗauki tukuba ya kai? Duk wata ƙofa mai ciniki a garin nan da mai ita. Na ji tsoro ƙwarai, sai dai ni in na ji tsoro faɗa nake yi.

"Nama dai shi ne na kullum," in ji shi. "Wuta ita ce ta kullum." Sai ya juya yana kallon turmina.

"Kalli gabanka, Sarkin fawa," na ce. "Yaji ma shi ne na kullum. In nama bai canza ba, yaji bai canza ba, to bakin mutane ne ya canza. Wannan baƙar abar, yaya take?"

"Baƙa ce."

"Na ji baƙa ce. Ɗanɗanonta nake tambaya."

"A'uzu billahi! Ni za ki tambaya?"

"To warinta fa? Ai kana tsaye a wurin, hancinka ba a aljihu kake sa shi ba."

Ya yi dogon tunani, kamar mai tuno karatun allo, ya ce, "Warin giya take yi."

A nan na gane ba a wurin wannan bawan Allah zan samu taimako ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabciyata. Kirista ce, mutuniyar wajen Kaele, mijinta ya rasu tun kafin mu tare a unguwar. Ta girme ni sosai, don haka nake ce mata Adda, yadda Fulani suke kiran babbar yaya. Ita kuwa Hajja take ce mini, tun ban taɓa ganin ko filin jirgi ba. Yawancin rayuwarta bilbil ta dafa, burkutun dawa da ake sha a ƙwarya, sai da hayaƙi ya taɓa mata ido ta bari. Mun yi zaman arziki. Da Sallah nakan miƙa mata nama, da Kirsimeti takan kawo kazarta maigida ya yanka don mu iya ci.

Na same ta na zayyana mata komai, har maganar wata mai kifi da take neman wurinmu. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ɗan jima tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "To me kike so in yi miki?"

"Ki sha mini ita, Adda. Ki sha, ki gaya mini abin da kika ji."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce tunda take, ba a taɓa roƙonta aikin da ya yi mata daɗi kamar wannan ba.

Sai matsalar wuri ta taso. Kwalbar ba za ta shiga gidana ba, wannan ko a mafarki. Ni kuma in aka gan ni zaune a tsakar gidanta ga kwalba a tsakaninmu, kafin magariba labari ya kai kasuwa cewa matar mahauci ta fara. Muka yanke shawara a kan katanga. Ita ta zauna a nata ɓangaren a kan kujera 'yar tsuguno, ni kuma na kifa turmi a nawa, na hau, na ɗora haɓa a kan katangar ina leƙe.

Ran Lahadi da la'asar ta dawo daga coci da kwalbar a cikin jakarta. Ban taɓa ganin mutum ya ɗauki abin sha da muhimmanci irin haka ba. Ta wanke kofin gilashi ta goge, ta karkata shi, ta zuba a hankali. Ta ɗaga shi sama ta saita rana.

"Hajja, rubuta a kanki," ta ce. "Ba baƙa ba ce ƙirin. Duba gefenta, akwai ja a ciki, kamar zoɓon da ya daɗe a wuta."

Na duba, haka ne kuwa. Kumfa ta taru a sama mai kauri, launin kunun gyaɗa, kuma ba ta faɗa da wuri ba. Adda ta ce wannan alama ce mai kyau, giyar da kumfarta ke gudu ba ta da ƙwari. Ta kai hanci ta shaƙa, ta lumshe ido.

"Ƙanzo," ta ce. "Ƙanzon tuwon da ya kusa ƙonewa amma bai ƙone ba. Da gahawa. Can ƙasa kuma akwai wani abu ɗanye, kamar an murje ɓawon lemo a kan ciyawar damina."

"A cikin giyar?"

"A cikinta. Direban motar da ke kawo ta ya taɓa gaya mini wani koren fure ne Turawa suke zubawa, na ƙasarsu mai sanyi. Shi ke ba ta ɗaci da wannan ƙamshin. Kuma waɗannan ba su yi rowarsa ba."

Sannan ta kurɓa. Ba ta haɗiye ba, ta riƙe a baki tana juyawa. Da ta haɗiye ta ɗaga mini yatsa, wai in jira. Na jira.

"Da farko tana da ladabi," ta ce. "Ta shigo da ɗan zaƙi, da laushi, har ki ce baƙuwar kirki ce. Kina haɗiyewa sai ɗaci ya biyo baya, ya shimfiɗa tabarma a maƙogwaro. Kuma tana busar da harshe, kamar kin tauna ɗanyen goro."

"To tana da kyau ko ba ta da kyau?"

"Wanda ya dafa ta ya san aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma ba ta kai bilbil ɗina ba. Bilbil abinci ce, ki sha ki ƙoshi ki tafi gona. Wannan ta masu zaman tunani ce."

Na riga na gasa 'yan tsinkaye a kan garwashi, na barbaɗe su da yajina. Na ɗora ɗaya a faifai na miƙa mata ta saman katanga. Ta ci, ta ce madalla, hannun Hajja yana nan. Har na fara hura hanci. Sai ta kurɓi giyar ta sake gatsar naman. Nan take ta kama tari, ido ya kawo ruwa, tana fifita baki da hannu.

"Kai, kai, kai! Hajja, sufeton nan bai yi miki sharri ba. Zakaru biyu ne a akurki ɗaya. Giyar ta bushe harshe, yajinki ya zo ya tarar ba abin da zai tare shi, sai ya hau ƙuna. Ɗaci kuma ya hau kan ɗaci."

Raina ya sosu, amma a kan turmi nake, ba wurin yin fushi ba ne.

Da na sauko sai wata dabara ta zo mini. Tunda na san kayan da ke cikin abar, me zai hana in haɗa tawa ta halal, in riƙa gwada yaji da ita ba sai na dami Adda ba? Washegari na soya dawa har ta yi baƙi, na daka, na dafa da gahawa, na jefa ɓawon lemo, na matse ganyen shuwaka a ciki don ɗaci. Na tace na zuba a kofin gilashi. Wallahi a ido ba ta da maraba da waccan, kumfa ce kawai babu, sai na kaɗa ta da maburgi. Ina cikin ɗaga kofin ina saita rana, yadda na ga Adda ta yi, sai ga maigida ya fito daga ɗaki da buta a hannu.

Butar ta faɗi. Ya yi salati ya sanar da Ubangiji, ya ce shi ya jawo, sana'arsa ce ta biyo shi har gida. Na bar shi ya kai ƙarshen wa'azinsa, don ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba, sannan na miƙa masa kofin na ce ya shinshina. Da ya ji warin shuwaka ya zauna a bakin rijiya yana dariya, har da hawaye. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin maganar Madam.

Na miƙa wa Adda ta ɗanɗana. Ta tofar, ta ce, "Wannan ki ajiye wa mai zazzaɓi." Duk da haka ban zubar ba.

Haka muka buɗe makarantar katanga. Kullum la'asar, in maigida ya fita, sai in kifa turmi. Ina da ƙananan kwanoni jere a ƙasa, kowanne da irin haɗinsa. In miƙa tsinke, ta kurɓa, ta gatsa, ta yanke hukunci. Na rage citta, ta ce ƙunar ta ragu. Na ƙara ƙuli-ƙuli mai ɗan sauran mai a jikinsa, ta ce yanzu harshe ya samu abin jingina. Na gwada sukari, ya ƙone a wuta ya yi baƙi, ta ce kada in sake. Sai na tuna da garin ɗorawa, wannan rawayan mai zaƙi-zaƙi da muke lasa muna yara. Na barbaɗa kaɗan bayan an sauke nama. Ta ci ta gyaɗa kai, ta ce zaƙin nan ya gaisa da zaƙin giyar, sun san juna. Kafin a kira magariba takan fara rera waƙoƙin coci da ƙarfi fiye da yadda aka saba, ni kuma in sauka in yi alwala.

Amma kullum da sauran magana. Takan taɓa maƙogwaronta ta ce akwai wani abu a nan da bai daina faɗa ba. Wata la'asar ta yi shiru fiye da kullum. Ta ci, ta sha, ba waƙa, ba tsokana, har kwalbar ta ƙare. Sannan ta ɗago ta ce, "Kimba ce, Hajja. Cire ta."

"In rage dai."

"Ki cire ta gaba ɗaya. Ɗacinta da na furen Turawan nan ba sa zama wuri ɗaya."

Na ce mata yaji ba kimba ai garin ƙuli ne kawai, na yara. Na ce mahaifiyata da kimba aka san ta. Ta ce ita ba ta san wannan ba, abin da bakinta ya gaya mata ke nan. Na sauka daga turmi ba sallama.

Da safe maigida ya dawo daga mayanka, maimakon ya kwanta sai ya kira ni ɗaki ya rufe ƙofa. Ya ce jiya mai kifin ta zo duba wuri, ya gan ta da idonsa. Babbar 'yar Adda ce.

Na san yarinyar ta dawo gida. An sallami mijinta daga aiki a cikin rage ma'aikatan da ake ta yi, ya tafi neman abin yi ba labari, ita kuma ta kwaso 'ya'yanta ta dawo wurin uwarta. Ina jin hayaniyarsu ta bayan katanga kullum. Na ma taɓa ganin ta shigo da sabuwar ragar waya ta gasa nama a ka, na yi mata barka. Ko kusa ban kawo komai a raina ba.

"Kin gani ko?" in ji maigida. "Kin je kin damƙa mata sirrinki. Ta sa kin rage wannan, kin ƙara wancan, yanzu kuma ta ce ki zare wa yajin ƙashin baya. Ranar gwaji in fito da garin ƙuli, 'yarta ta fito da kifin tafkin Lagdo."

Kaina ya ɗau zafi. Na tuna shirun da ta yi ranar da na fara kai mata maganar, ashe ta san wace ce mai kifin. Na ji kunya, na ji haushi, na ga kaina a kan turmi ina miƙa wuya kamar raƙumi, ana yi mini dariya a ciki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da hanyar gane gaskiya. Duk abin da na sani game da giyar nan daga bakinta ya fito. In ta ce ƙanzo, ƙanzo ne, in ta ce kimba, kimba ce.

Na daina zuwa katanga. Da la'asar nakan ji muryarta, "Hajja, an ba da hutu ne a makaranta?" Sai in ce kaina ke ciwo. Ba ta matsa ba, ba ta kuma yi mini wani bayani ba.

Na koma wa giyata ta shuwaka. Na daka yaji iri biyu, mai kimba da marar kimba, na zauna ina kurɓa ina gatsa. Aikin banza. Bayan kurɓa ɗaya komai shuwaka yake zama, ko zuma aka ba ni. Abin da na samu kawai shi ne cikina ya wanke tas.

Wata ya ƙare, aka biya albashi, ranar ta zo. Maigida ya ɗaure tire, ya ce in ba shi tsohon yajin, wanda ya sani. Na shiga madafa na tsaya a gaban gwangwanayen biyu. Ba zan ce zuciyata ta yi fari da Adda ba, domin ba ta yi ba. Lissafi kawai na yi irin na mai hankali: tsohon yajin ya riga ya faɗi, shi ya kawo mu inda muke. In faɗuwar ce, gara mu faɗi da sabon. Na ɗauko marar kimba, na ƙulla masa garin ɗorawa daban, na ce ya barbaɗa bayan ya sauke. Ya buɗe gwangwanin ya shinshina ya dube ni.

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Tafi kada ka makara."

Yana fita na ji ana fitar da kaya a gidan Adda, ana kiran mai babur. Na ji muryarta tana ce wa 'yarta ta yi hankali da kwandon kifin, Allah ya ba da sa'a. Na ce amin a zuciyata, sannan na tuna abin da amin ɗin yake nufi, na rasa yadda zan yi da shi.

Sai da gari ya waye na ji labari. Na tarar da tire a jingine, wayam, ko ɓurɓushin albasa babu. Maigida ya ce da farko kowa wurin kifi ya nufa, abu sabo, kuma yarinyar ta iya gashi, ba ƙarya. Shi yana tsaye yana juya tsinkaye shi kaɗai. Sai tsohon sufeton nan ya zo, don kunya kawai, ya karɓi tsinke ɗaya ya koma teburinsa. Can sai ya dawo ya karɓi wasu, ya kira abokin zamansa. Daga nan tebur ya gaya wa tebur. Madam da kanta ta buɗe baƙar kwalba, ta aiko aka kai mata, ta ci ta sha, ta leƙo ta ce masa ya bar tukubarsa inda take.

Na yi guɗa a hankali don kada a ji a maƙwabta. Shi kuwa bai yi murnar da na zata ba. Ya ce da aka tashi, shi ya taya yarinyar ɗora kwandonta a kan babur, kuma kwandon da nauyi.

Na juye farfesu a kwano na rufe, na yafa mayafi, na zaga gidan Adda. Tana tsakar gida a zaune, gabanta babbar roba cike da kifin da bai shiga wuta ba, tana farke cikinsa tana shafa gishiri don a yi banda kafin ya lalace. Ƙofar ɗakin 'yarta a rufe, jikokin ma ba motsinsu. Na gaishe ta, ta amsa kamar kullum. Na ajiye kwanon. Duk jawabin godiyar da na shirya a hanya ya gudu.

"Adda, kin san ita ce, tun ranar farko."

"Na sani."

"Me ya sa ba ki bar ni da kimbata ba? Ba wanda zai taɓa ganewa."

Ta ci gaba da aikinta, ba ta ɗago ba. "Wallahi na yi tunanin haka. Ranar nan tun kurɓar farko na gane kimba ce. Na riƙe maganar a bakina har kwalba ta ƙare."

"To?"

"To kin tambaye ni abin da harshena ya ji, na gaya miki. Da kin tambaye ni wa nake so ya samu wurin, 'yata zan ce. Yau ma in kin tambaye ni, ita zan ce."

Idona ya cika. Na ce mata na zarge ta, na daina zuwa katanga ne don na zarge ta. Ta ce ta sani, ita ma da ita ce haka za ta yi. Sannan ta turo mini wata wuƙa da ƙafa.

"Zauna ki taya ni, Hajja. Rana tana yi, zai fara wari."

Na naɗe mayafina na zauna na ɗauki wuƙar. Kifin da yawa, kuma yajina ne ya bar shi da yawa haka.